Nazarin Lamari: Baje Kolin Kayan Ɗaki na Harhaɗawa da Ya Kasa Jure Hannun 'Yan Kallo

## Asalin lamarin

Wurin da wannan nazari ya shafa wani matsakaicin zauren baje koli ne mai zaman kansa, wanda ya saba nuna zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, daga baya masu gudanar da shi suka yanke shawarar shiga fagen ƙirar kayan ɗaki. Ma'aikatansa ba su da yawa: akwai shugabar shirye-shirye, da mai kula da kayan da ake nunawa, da masu tsaron zaure da ke aiki bi da bi. Babu kafinta a cikinsu, babu kuma injiniya. Ginin tsohon ɗakin ajiyar kaya ne da aka gyara, daɓensa siminti ne, amma bangayen da suka raba cikinsa siraran alluna ne da aka kafa a kan ƙarafa don rataye hotuna.

Kayan ɗaki na harhaɗawa su ne waɗanda ake ƙerawa gunduwa-gunduwa bisa awo guda, ta yadda mai su zai iya ƙara sashe, ko ya cire, ko ya sauya musu fasali idan bukatarsa ta sauya. Tun a 1925 mai zanen gine-gine Le Corbusier ya nuna akwatunan ajiya masu awo ɗaya a wani baje koli a Faris. A 1949 Nisse da Kajsa Strinning suka fito da kantar String a Suwidin, a 1960 Dieter Rams ya zana kantar 606 wadda allunanta ke ratayuwa da 'yan ƙusoshin da ake zarewa da hannu, sannan a shekarun 1960 Fritz Haller da Paul Schärer suka ƙirƙiro tsarin USM a Suwizalan, wanda gaba ɗayansa ya dogara ga ɗan dunƙulen ƙarfe mai ramuka shida da bututai ke ɗauruwa a jikinsa. Kowane daga cikin waɗannan tsare-tsare yana tsaye ne a kan abu biyu, wato mahaɗi guda da awo guda, kuma duk sauran siffarsa daga nan take fitowa.

Manufar zauren ita ce a gayyaci masu ƙira su ɗauki irin waɗannan kaya su sake musu fasali yadda suka ga dama, sannan a bar 'yan kallo su taɓa, su kwance, su sake harhaɗawa. Shugabar shirye-shiryen ta samo tunanin ne daga aikin Enzo Mari, mai ƙira ɗan Italiya, wanda a 1974 ya nuna wa jama'a a Milan yadda kowa zai iya ƙera tebur da kujera da gado da falankai da ƙusa kawai, ya kuma raba zanen ga duk wanda ya nema.

## Wata shida kafin buɗewa

Takardar gayyatar da aka aika wa masu ƙira ta ƙunshi sharaɗi uku: aikin ya samo asali daga wani tsarin harhaɗawa, ya shiga ta ƙofar zauren, kuma a iya kwance shi. Ba a faɗi sau nawa ake sa ran za a kwance shi ba, ba a faɗi nauyin da zai ɗauka ba, ba a kuma nemi kowa ya yi aiki da awo ɗaya ba. An karɓi ayyuka goma sha biyu, kuma zaɓen ya dogara ne ga hotuna da zanen kwamfuta da masu ƙirar suka turo.

Huɗu daga cikin ayyukan su ne za su fi bayyana a wannan nazari. Na farko doguwar hasumiyar akwatuna ce mai tsayin santimita 210 da zurfin santimita 35, wadda mai ita ya cire mata allon baya don haske ya riƙa ratsa ta. Na biyu kantar littattafai ce da aka tsawaita tazarar ƙafafunta daga santimita 80 zuwa 120 don ta yi kamar tana yawo a iska. Na uku kabad ne na firam ɗin ƙarfe da aka sauya wa ƙofofi, aka sa masa na tsantsar katako mai faɗin santimita 40. Na huɗu kuwa aikin haɗin gwiwa ne tsakanin masu ƙira biyu da ke ƙasashe daban-daban, kowannensu ya ƙera rabin bango na akwatuna, da nufin a haɗa su a zauren.

## Makon harhaɗawa

Alamar farko ta bayyana ne a aikin haɗin gwiwar. Da aka jera rabi biyun, ramukan ƙasa sun yi daidai, amma da aka yi sama sai suka fara gocewa, har aka kai inda ƙusar katako ta ƙi shiga gaba ɗaya. Ma'aikata sun ɗauka kuskuren huji ne, don haka suka faɗaɗa wasu ramuka da na'urar huji, suka cusa ƙusoshin da guduma. Aikin ya tsaya, aka wuce.

Hasumiyar ma ta nuna hali tun a lokacin: idan aka ɗan tura ta daga gefe sai ta karkata, ta kuma tsaya a karkace. An ƙara ɗaure sukurorinta, aka cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya saboda daɓen bai miƙe sosai ba. Ganin cewa lokaci ya ƙure, shugabar shirye-shiryen ta yanke hukuncin a buɗe ba tare da barin kowa ya taɓa komai ba, zuwa a ga yadda abubuwa za su kasance.

## Watan farko: an hana taɓawa

An ɗora kowane aiki a kan ɗan dandamali, aka ja igiya, aka rubuta sanarwar hana taɓawa. Ta fuskar lafiyar kayan, matakin ya yi aiki, domin ba abin da ya karye. Ta fuskar manufar baje kolin kuwa, masu tsaron zaure sun lura cewa mutane suna wucewa da sauri, suna kallon ayyukan kamar kabad da kanta na yau da kullum, kuma tambayar da aka fi yi musu ita ce mene ne abin mamaki a nan. An ƙara allunan bayani da hotunan da ke nuna fasali daban-daban da kowane aiki zai iya ɗauka, amma kaɗan ne suka tsaya karantawa. Wasu daga cikin masu ƙirar sun rubuto suna ƙorafin cewa an gayyace su ne a kan alkawarin za a taɓa ayyukansu.

A cikin wannan wata ne kantar mai faɗin santimita 120 ta fara lanƙwasawa a tsakiya ƙarƙashin littattafan da aka jera mata, ko da yake ba wanda ya taɓa ta. An juya allunan, cikinsu ya koma sama, sai suka miƙe na 'yan kwanaki, suka sake lanƙwasawa ta ɗaya ɓangaren.

## Wata na biyu: an cire igiya

Saboda matsin lambar masu ƙira, aka cire igiyoyin, aka ajiye makullan kwance sukuru a kan wani tebur, aka bar kowa ya gwada. Zauren ya cika fiye da da, mutane suna daɗewa, yara da manya suna jera akwatuna. Cikin mako uku lalacewa ta bayyana a wurare da dama. Sukurori sun fara juyawa a banza a cikin ramukansu ba tare da sun kama ba. Gefen wasu alluna ya ɓare. Ƙananan ƙusoshi da wosha sun ɓace. Ƙofofin katakon da ke jikin firam ɗin ƙarfe sun fara cijewa, har ɗaya ta tsage kusa da hinjinta lokacin da wani ya ja ta da ƙarfi.

Matakan da aka ɗauka a wannan lokaci duka na gaggawa ne. An sa sukurori masu kauri a ramukan da suka buɗe, abin da ya ƙara tsaga allunan. An shafa gam a wasu mahaɗai, wanda ya tsayar da girgiɗi amma ya mayar da aikin dunƙule guda da ba ya kwantuwa, kuma mai aikin ya nuna rashin amincewarsa a rubuce. An yi ƙoƙarin ɗaure hasumiyar a bango, sai sukurun ya fito tare da ɓarɓashin allon bangon, domin bai sami ƙarfen da ke baya ba.

Abin da ya sa aka rufe zauren ya faru ne a ƙarshen mako na uku. Wani yaro ya jawo durowa biyu na hasumiyar, ya taka ta ƙasa yana son kai hannu sama, hasumiyar ta taso gaba, wani mai tsaro da ke kusa ya tare ta da kafaɗa. Ba wanda ya ji rauni. Irin wannan haɗari sananne ne a wannan sana'a: a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye kimanin durowoyin tufafi miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar yaran da durowoyin suka kife a kansu, kuma a ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar da ta tilasta gwajin tsayuwar irin waɗannan kaya a ƙasar. Washegari aka rufe zauren na mako biyu.

## Mako biyu na bincike

An ɗauko wani gogaggen kafinta mai ƙera kabad, da wata injiniyar gine-gine, aka ba su dama su kwance komai. Abin da suka fara yi shi ne raba matsalolin gida-gida, domin ma'aikatan zauren sun kasance suna kiran komai da suna ɗaya, wai kayan ba su da ƙwari.

Game da hasumiyar, sun gano matsala biyu da ba su da alaƙa da juna. Ta farko ita ce karkata. Firam mai kusurwa huɗu ba ya riƙe siffarsa da kansa idan aka tura shi daga gefe, sai an ba shi allon baya ko sanda da ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Siririn allon da mai ƙirar ya cire don ado shi ne yake wannan aiki, kuma ƙara ɗaure sukurori ba zai maye gurbinsa ba. Ta biyu ita ce kifewa, wadda injiniyar ta lissafa a gaban kowa: nauyin hasumiyar kilo 40 ne, tsakiyar nauyinta tana santimita 17.5 daga gefen gaba, saboda haka jan da bai wuce na kilo 5 ba a tsayin santimita 140 ya isa ya ɗaga ta. Idan an jawo durowoyi kuwa, nauyin yana ƙara matsowa gaba, abin da ake bukata ya ragu ƙasa da haka.

Lanƙwasawar kantar ma lissafi ne. Idan aka jera littattafai iri ɗaya a tsawon allo, lanƙwasawarsa tana ƙaruwa ne da tazarar ƙafafu ninkin-ba-ninki har sau huɗu, wato idan tazarar ta ninka biyu lanƙwasawar za ta ninka goma sha shida, don haka ƙarin rabi da aka yi daga 80 zuwa 120 ya sa lanƙwasawar ta kai kusan ninki biyar. Ga shi kuma allon na garin katako ne da aka matse da gam, wanda ke ci gaba da lotsawa a hankali muddin nauyi yana kansa. Wannan ne dalilin da juya allunan bai daɗe yana amfani ba.

Asirin aikin haɗin gwiwar ya fito ne da aka sa ma'auni. Masana'antun kabad da yawa suna bin tsarin ramuka masu faɗin milimita 5 da tazarar milimita 32 tsakaninsu, kuma ɗaya daga cikin masu ƙirar wannan tsari ya bi. Ɗayan kuwa da inci yake aiki, ya ɗauki inci ɗaya da kwata a matsayin daidai da haka, alhali milimita 31.75 ne. Bambancin kwatan milimita ba ya ganuwa a rami ɗaya, amma a rami na ashirin ya zama kusan milimita 5, wato kusan faɗin rami sukutum. Kaurin allunansu ma ya bambanta, na ɗaya milimita 18, na ɗayan kashi uku cikin huɗu na inci, wanda ya ɗan haura milimita 19. Faɗaɗa ramukan da aka yi a makon harhaɗawa ya ɓoye wannan bambanci, ya kuma sa duk mahaɗan suka yi sako-sako.

Ƙofofin katakon kuwa laima ce ta kumbura su. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi, yana faɗaɗa ta faɗinsa sosai, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, shi kuma ƙarfen da aka sa shi a ciki bai san da laima ba. A watan farko zauren ba kowa sosai, iskarsa a bushe take. Da jama'a suka yawaita, ana buɗe ƙofar waje a kai a kai, danshin ya hau, ƙofofin suka ƙaru da kimanin milimita 4, alhali tazarar da aka bar musu milimita 2 ce. Zauren bai taɓa mallakar ma'aunin danshi ba, ko da yake gidajen tarihi da dama suna ƙoƙarin tsayar da danshin ɗakunansu tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.

Batun da kafintan ya fi daɗewa a kansa shi ne na sukurori. Mafi yawan ayyukan an gina su ne a kan kayan da ake sayarwa a kwali a harhaɗa a gida, kuma waɗannan an yi su ne don a haɗa sau ɗaya, ko a kwance sau biyu ko uku idan za a ƙaura. Sukurun yana yanka wa kansa hanya ne a cikin garin katakon, duk lokacin da aka fitar da shi aka mayar sai ya ɗan ci bangon ramin, har ya rasa abin kamawa. Tsare-tsaren da aka yi don sauyi na gaskiya, irin na Rams da na Haller, ƙarfe ne ke haɗuwa da ƙarfe a mahaɗinsu. Masu ƙirar sun ɗauki kaya na rukunin farko, zauren kuma ya yi musu amfani irin na rukuni na biyu.

## Gyaran da aka yi

Ba a yi wa ayyukan magani ɗaya ba. An zauna da kowane mai ƙira, aka raba ayyukan kashi uku bisa abin da za su iya jurewa.

Kashi na farko su ne waɗanda jama'a za su riƙa kwancewa. Ba ainihin ayyukan aka bayar ba: an ƙera kwafinsu da filawud mai kaurin milimita 18, aka dasa noti na ƙarfe a cikin kowane rami don sukuru ya riƙa ɗauruwa a ƙarfe, aka kuma mayar da duk sukurorin girma ɗaya ta yadda makulli guda zai buɗe su. Inda ya yiwu, an maye gurbin sukuru da ƙusar zarewa da aka ɗaure da siririyar waya don kada ta ɓace. An kayyade cewa ba abin da jama'a za su jera ya wuce tsayin ƙugu. Ainihin aikin kuma yana nan kusa, a kan dandamalinsa.

Kashi na biyu su ne manyan ayyuka da ma'aikata kaɗai za su sauya wa fasali, sau ɗaya a mako, a lokacin da aka sanar, a gaban 'yan kallo. An rubuta wa kowanne takardar da ke nuna jerin matakai da adadin gunduwoyi, ana kuma ƙirga su kafin a fara da bayan an gama.

Kashi na uku ba a motsa su ko kaɗan, kuma hasumiyar tana cikinsu. Mai ita ya ƙi a mayar da allon baya, bayan doguwar muhawara aka daidaita a kan siraran wayoyin ƙarfe biyu da suka gitta juna a bayanta, waɗanda suka hana karkata ba tare da sun tare haske ba. An kafa ta a kan farantin ƙarfe mai nauyin kilo 20 da zurfin santimita 60, wanda ya ɗaga ƙarfin da ake bukata kafin ta taso zuwa kusan kilo 13, sannan aka ɗaure samanta a jikin ƙarfen da ke cikin bango bayan an gano inda yake. Kantar littattafan an sa mata siririyar ƙafa a tsakiya daga baya, inda ido ba ya saurin kaiwa, tazarar ta koma santimita 60. An fere ƙofofin katakon, aka faɗaɗa musu tazara, aka sayo ma'aunin danshi da na'urar rage shi. Aikin haɗin gwiwar kuwa sai da aka sake ƙera rabi ɗaya gaba ɗaya bisa awon milimita.

## Bayan sake buɗewa

Baje kolin ya ci gaba har wata uku. Ba a sake samun abin da ya kife ko ya tsage ba, kuma gunduwoyin da suka lalace a kwafin filawud an sauya su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rufe zauren ba. Lokacin sauya fasali na mako-mako ya zama lokacin da aka fi cika, abin da ba wanda ya yi hasashensa. Masu tsaro sun ce mutanen da suka fara wasa da kwafin sukan koma su daɗe a gaban ainihin aikin suna duba mahaɗansa. Aikin da aka shafa wa gam bai gyaru ba, zauren ya biya mai shi diyya.

## Hukunci

Tushen matsalar yana cikin takardar gayyata. Kalmar da aka rubuta, cewa a iya kwance aikin, ta haɗa abubuwa biyu mabambanta, kwancewar ƙwararre sau ɗaya da kwancewar ɗaruruwan hannaye, kuma da an rubuta adadin kwancewa da nauyi da awo tun farko, da yawancin abin da ya biyo baya bai faru ba. Zaɓen ayyuka ta hoto ya ƙara dagula lamarin, domin hoto ba ya nuna abin da ke riƙe da kaya. Ba na ganin laifin masu ƙirar da suka cire allon baya ko suka tsawaita kanta, gwaji aka kira su su yi. Abin da ya rataya a wuyan zauren shi ne samar da wanda zai tambayi aikin da kowane sashe yake yi kafin a cire shi, kuma an ɗauko wannan mutum ne bayan wata biyu da buɗewa maimakon wata shida kafin ta.

Hana taɓawa da sakin kowa ya taɓa sun gaza ne saboda dalili ɗaya, wato an yi wa ayyuka goma sha biyu masu ƙarfi daban-daban doka guda. Gyaran ya yi aiki ne domin an auna kowane aiki a kan kansa, an kuma mayar da lalacewa kan gunduwar da ke da sauƙin sauyawa. Gam da manyan sukurori da faɗaɗa ramuka kuwa duk sun taɓa mahaɗi ko awo, abubuwa biyun da tsarin ya dogara a kansu, shi ya sa kowannensu ya bar kayan cikin halin da ya fi na da muni.

Akwai abin da gyaran bai warware ba. Biyu daga cikin masu ƙirar sun tsaya a kan cewa kwafin filawud ba aikinsu ba ne, tunda abin da suke son nunawa shi ne yadda kayan masu arha ke tsufa da ragargajewa a hannun mutane, kuma zauren ya kawar da hakan da sunan kariya. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan ƙananan ayyukan da ba za su iya yi wa kowa rauni ba, kuma a ganina ya kamata a ce an bar aƙalla ɗaya daga cikinsu ya lalace yadda mai shi ya so. Ɗayansu ya janye aikinsa wata guda kafin a rufe baje kolin, ɗayan kuma ya amince a bar nasa bisa sharaɗin a rubuta a jikin kwafin cewa kafintan zauren ne ya ƙera shi.